Waifa a tsaye da waya a gaban mota: amsar Kawu

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka ya same ni bayan isha'i, na karanta ina dariya ni kaɗai har gwaggonka ta leƙo ta ga ko lafiya. Ka ce ka sayi mota ta hannu a Winifeg ta ƙasar Kanada, Allah ya sa alheri, ya tsare. Ka ce ka wayi gari gilashin gaba ya yi fari fat kamar an shafe shi da farar ƙasa, waifa ta manne ta ƙi motsi. Ka ga maƙwabta suna tayar da waifofinsu sama da dare, wasu kuma sun jona motarsu da wutar gida kamar mai cajin waya, shi ne kake tambaya ko al'ada ce kawai, ko camfi, ko kuwa doka. Sannan wani abokinka ya ce ka daina wahalar da kanka, ka kwara wa gilashin ruwan zafi.

Da ruwan zafin zan fara, don shi ne zai iya cinye maka kuɗin abincin wata guda. Kada ka kuskura. Ni na yi, a hunturuna na farko a garin nan naku. Na idar da asuba, na makara, ga sauran ruwa a tukunyar shayi, na ɗauko na sheƙa wa gilashin. Sai na ji ƙas! Wani ɗan tabo da tsakuwa ta yi a gefe, wanda ban taɓa damuwa da shi ba, ya ja layi tun daga wannan kusurwa har waccan. Ruwan da ya gangara kuma ya daskare a gindin waifa da bakin ƙofa, na koma gidan jiya, har ma da ƙari. Wata tsohuwa maƙwabciyata, jikar mutanen Yukiren da suka cika garin, tana tsaye da karenta tana kallona. Ba ta ce uffan ba. Da yamma na tarar da buroshi mai dogon hannu, da bakin roba na kankara a ɗaya ƙarshen, jingine a ƙofata.

Kai ba ka yi zamanin fitilar ƙwai sosai ba, amma tambayi mahaifiyarka abin da ke faruwa idan ɗigon ruwa ya faɗa wa ƙwan fitila mai zafi. Wannan shi ne, sai dai an juya shi. Gilashin gaba falle biyu ne da aka haɗa da wata leda a tsakani. Fallen waje ya ji zafi ya buɗe, na ciki yana nan a ƙanƙame da sanyi, dole ɗaya ya ba da kai.

Farin abin da ka gani raɓa ce, irin wadda ke kwanciya a kan ganyen masara da kaka, sai dai can tana daskarewa tun tana sauka. Ta fi yawa a daren da sama ta yi garau, babu gajimare babu iska, saboda a irin wannan dare gilashi yana sakin ɗan zafinsa sama har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Saboda haka kafin ka kwanta, ɗaga kai. In ka ga taurari tar, ka rufe gilashin. Akwai marufi na musamman a kasuwa, amma ni tsohon bargo na yi shekaru ina amfani da shi, in maƙale gefensa biyu a ƙofofin gaba in rufe. Sharaɗin kawai ya zama busasshe. Jiƙaƙƙen bargo zai manne da gilashin, ka wayi gari da aiki biyu. Wasu za su ce maka ka ajiye mota tana fuskantar gabas don rana ta narkar. Gaskiya ne, amma a Disamba rana ba ta fitowa a Winifeg sai bayan ƙarfe 8, kai kuwa ka ce darasinka na safe ne.

Batun tayar da waifa, su kansu 'yan garin ba su taɓa haɗa baki a kai ba. Masu yi suna cewa robar ba za ta manne ba, kuma za ka kankare gindin gilashin ba tare da ka yage ta ba. Masu ƙi suna cewa iska mai ƙarfi na iya mako ta a kan gilashin, ga ƙarfen da ke danne ta yana saki in an cika miƙar da shi. Ni ra'ayina, a tayar idan an yi hasashen dusar ƙanƙara mai laima ko ruwan sama mai daskarewa, sauran ranaku a bar ta kwance. Ruwan nan mai daskarewa shi ne mugun: yana sauka ruwa, yana taɓa mota ya zama ƙanƙara kamar an zuba mata narkakkiyar kwalba. Shi ne ya kayar da turakun wutar lantarki a yankin Montiriyal da ke gabashin Kanada a Janairun 1998, mutane suka yi makonni a duhu. Abin da ya fi tayar da waifa muhimmanci, wanda ba mai gaya wa baƙo, shi ne ka kashe ta kafin ka kashe mota. In ka bar ta a kunne, da safe kana murza makulli za ta yi yunƙurin tashi alhali tana manne, sai fis ya ƙone ko ɗan injinta ya mutu.

Wayar da ke lilo a gaban motoci kuwa ba caji ba ce. Wani ɗan hita ne a jikin injin da ke ɗumama ruwansa, don kada baƙin mai ya yi kauri kamar man shanu a randa. Wani injiniya, Andrew Freeman, mutumin Giran Foks da ke Dakota ta Arewa, kudu da ku in an tsallaka iyakar Amurka, shi ya yi rajistar irinsa a 1949. Alaƙarsa da gilashi ita ce, zafin da hita ke hurowa cikin mota daga ruwan injin yake zuwa, injin da ya kwana da ɗumi kuwa ya fi saurin ba ka iska mai zafi. In sanyi ya wuce digiri 15 ƙasa da sifili ka jona, awa 3 zuwa 4 sun isa. Duba ƙarƙashin bonet ɗinka, mai yiwuwa wayar tana nan a naɗe. Za ka ga wasu suna rataya wayar a madubin gefen direba. Ba ado ba ne, tuni ne, don kusan kowa a garin ya taɓa ja da baya da waya a jone yana jan ta a titi kamar akuya ta tsinke igiya. Ni sau biyu. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Da safe ka ware minti goma. Fara zagayawa baya ka tabbata dusar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba, domin hayaƙin da ke kashe mutane a ɗakin da aka kwana da janareta, shi ne dai wannan, ba wari ba launi. Saboda haka ma ba a ɗumama mota a rufaffen gareji. Tayar da injin, juya fanka zuwa gilashi, ka kunna na'urar sanyaya iska tare da hita. Na san zai yi maka kama da hauka, amma ita ce ke tsotse laima. Maɓallin nan mai juya iskar ciki ka kashe shi, in ba haka ba numfashinka ne zai daskare a gilashin ta ciki. Sannan ka share rufin mota tukuna, ka sauko gilashi. Da roba ake kankarewa, ban da wuƙa, ban da cokali. Ran da na manta abin kankarar, da kwalin kaset na yi, yau kuwa ban san me za ku samu a mota mai kama da shi ba. Gilashin baya kada ka kankare shi ta ciki, siraran layukan nan wayoyin hita ne. Kuma kada ka bar mota tana aiki da makulli a jiki ka koma shan shayi, ɓarayin can ma asubanci suke yi.

Ruwan wanke gilashi ka sayi wanda aka rubuta yana jure digiri 40 ƙasa da sifili. Halinmu na nan gida, a ɗebo ruwan rijiya a ɗura a lagireto, ka bar shi a filin jirgin Kano. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya isa ya fasa tanki, ya fasa injin.

Sai batun doka da ka tambaya. Tayar da waifa da rufe gilashi ba doka ba ne, ganin dama ne. Amma ka kankare ɗan gurbi kamar tafin hannu ka hau titi kana leƙe kamar mai kallon biki ta ramin zana, wannan ɗan sanda zai tsayar da kai ya ci ka tara, kuma daidai ya yi. Lokacin da kake fita gari bai gama wayewa ba, yara na tsallaka titi zuwa makaranta a dunƙule cikin riguna, ko gefensu ba sa iya gani. Tulin dusar ƙanƙarar da ka bari a rufin mota kuma, kana taka birki zai zamo ya rufe maka gaba, ko iska ta watsa wa na bayanka. Share duka, har fitilu da madubai da lambar mota.

Gwaggonka ta ce in tambaye ka ko kilishin ya iso, kuma wai hoton da ka turo ba ka sa safar hannu ba. Ka sayi mai kauri, ka ajiye ta biyu a cikin mota kusa da buroshin. Ka kira mahaifiyarka ranar Juma'a.

Naka,
Kawu