Wa ya auna garin da aka zuba wa bijimanka?

Tambaya: Ina sayar da yadi a Kasuwar Barci da ke Kaduna. Bana na sayi bijimai 10 a Zango, kowanne wajen naira dubu 600, na turke su a Rigasa saboda Babbar Sallah, na damƙa wa ɗan yayata. Sai ya samo wani gari wurin masu haɗa abincin kaji, wai yana sa ƙiba da wuri, yana barbaɗa musu a dusa. Ba a yi mako ba suka daina ci, ga zawo, ga numfashi sama-sama. Uku sun mutu. Likitan dabbobi ya ce gubar monensin ce, wani magani da ke cikin garin. Ina so in ci bashi in cike gurbinsu, in ƙara biyar don in mai da asarata. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma maganar bashi ajiye ta tukuna.

A shagonka, ka taɓa barin yaro ya yanka shadda da ido, babu awo? Na san amsar. To ta yaya ka zuba miliyan 6 a turke, alhali babu mai iya gaya maka abin da ya shiga bakin bijiman nan jiya da safe? Babu sikeli, babu littafi, sai "ai ɗan gida ne". Ɗan gidan bai cuce ka da gangan ba, na yarda, so yake kawunsa ya yaba masa. Amma amana daban, sanin aiki daban, kai kuwa ka haɗe su ka koma kan yadinka.

Shi monensin ɗin ba jabu ba ne. Da shi da 'yan uwansa irin su lasalocid da salinomycin ana sa su a abincin kaji don maganin cutar nan mai sa su kashin jini, kuma manyan gonakin kiwo a Amurka sun daɗe suna ba shanu shi don abinci kaɗan ya yi nama da yawa. Sai dai abin da bijimi guda yake buƙata a yini bai kai rabin giram na ainihin maganin ba, kuma sai an cakuɗa shi sosai cikin buhuna masu yawa. Yaronka da tafin hannu yake ɗiba. Idan ya yi yawa, naman zuciya yake ci, da naman jiki, kuma ba shi da makari.

Nan ne lissafinka ya karkace. Kana ƙirga bakwai sun tsira. Ni ban ƙirga su ba. Bijimi zai iya miƙewa ya koma cin harawa, bayan makonni ya yanke jiki ya faɗi ranar da aka kora shi da gudu ko aka loda shi a mota, domin zuciyar ta riga ta taɓu. Wanda bai san ko jarinsa bakwai ne ko huɗu ba, da me zai ci bashi?

Na taɓa zama da wani mai kiwo ta wajen Mando, shi ma rowar kuɗin dusa da angurya ta kai shi ga tarkacen abincin kaji da kashinsu, ana kwaso masa a arha. Dokin da yake hawan Sallah da shi ne ya fara mutuwa, don doki ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ke kashe saniya ya ishe shi. Ya ce sammu ne. Sai da shanu suka fara bi sannan ya duba buhun. Idan akwai doki ko jaki kusa da turkenka, a nisanta shi yau.

Sauran garin da dusar da aka haɗa kada a zubar, kada kuma a ba tumaki don "kar a yi asara". A ƙulle su da takardar jikin buhun, likitanka ya ga ko za a kai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a gwada. Kada kowa ya tsira musu allura bisa shawarar majalisa, akwai magungunan da ke ƙara wa gubar ƙarfi. Kuma kada ka lallaɓa ka miƙa wa mahauci mara lafiya a ɓoye. Likita ne zai ce ga lokacin da ya halatta a yanka.

Su biyar ɗin da kake son ƙarawa, zafin asara ne ke magana, irin mafarkin nan na a ninka kuɗi cikin wata biyu wanda shi ya kawo garin tun farko. Bana ka yi asarar miliyan 1 da dubu 800, ban da abinci da magani. Karɓe ta haka. Ka sayi ƙaramin sikeli da littafi mai bango, kowace safiya a rubuta abin da aka zuba da inda aka saye shi, ranar Juma'a bayan masallaci ka je Rigasa da ƙafarka ka karanta. Ɗan yayar taka ya ci gaba da shara da ban ruwa, amma makullin ɗakin abinci ya dawo aljihunka.