Ina yawon kwantiragi a asibitocin Amurka, kuɗi na shigowa amma raina ba daɗi

Tambaya: Salam likita. Ni nas ce a Amurka, cikin masu aikin kwantiragi daga wannan asibiti zuwa wancan. Yanzu ina wata jiha can arewa ina dutin dare, kuɗi kam alhamdulillahi, amma barci ya ƙaurace min, in na dawo ɗaki sai kuka ba gaira ba dalili, ko waya ba na son ɗagawa. A gida kuma gani ake na huta. Gajiya ce kawai ko wani abu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Gaskiya wannan ya wuce a ce gajiya ce a yi shiru. Gajiya in kin samu hutun kwana biyu kin yi barci tana sakinki. Amma in ƙuncin nan da rashin sha'awar komai sun kai sati 2 kusan kullum, ga rashin barci ga guje wa mutane, toh ciwon damuwa muke fara zargi, kuma ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne. Ki ga likita cikin satin nan, a haɗa da gwajin jini, don ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo ko ƙarancin bitamin D duk suna kawo kasala irin wannan, balle jihohin arewa da in hunturu ya shigo rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 5.

Shi kansa tsarin aikin naku yana cin rai. Kwantiragi yawanci sati 13 ne, shif na awa 12, a nuna miki wuri kwana ɗaya ko biyu a sake ki, in wani sashe ya rasa ma'aikata ke baƙuwa ake fara turawa, majinyaci ya rasu a hannunki ba wadda kika saba da ita da za ki zauna ku yi maganar, kina fara gane hanyar kanti da masallaci sai lokacin tattara kaya ya yi. Wa zai yi ta wannan bai ji a jikinsa ba? Shi ya sa ni shawarata in asibitin da dama-dama ki nemi a tsawaita miki maimakon sabon gari, ki roƙi dutin rana a kwantiragi na gaba, kuma dan Allah ki riƙa barin sati 2 ko 3 tsakani. Obataim ɗin nan ma a rage shi.

Barcin rana sai an yi masa gata, labule mai kauri, waya a kashe, kofi ki tsayar da shi tun tsakiyar shif.

Akwai abin da matafiya irinku ke mantawa. Mai ba da shawarar ƙwaƙwalwa a Amurka lasisinsa na jiha ne, ko ta bidiyo kuke ganawa sai yana da izinin aiki a jihar da kike zaune, don haka tun farko ki tambaye shi jihohin da yake da lasisi. Ki kuma tambayi kamfanin da ya ɗauke ki ko inshorar lafiyarki na tsayawa in kwantiragi ya ƙare, da yawa haka suke. In an ɗora ki kan magani yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin ki ji daɗinsa sosai, kar ki yanke shi lokaci guda, ki karɓi isasshe kafin ki tashi.

Sai maganar gida. Kin san in ba ki faɗa ba ba wanda zai sani, su dala kawai suke lissafawa. Ki zaɓi mutum ɗaya, Hajiya ko yaya ko aminiya, ki faɗa mata gaskiyar halin da kike ciki, ku sa ranar waya tsayayya duk sati. Abin da za ki aika ma ki yanke masa iyaka a wata, ba duk buƙatar da ta taso ce za ki biya da ƙarin shif ba.

In kuma tunanin cutar da kanki ko gara mutuwa ya taɓa zuwa miki, kar ki jira ranar ganin likita, ki kira 988, layin agajin gaggawa na masu irin wannan tunani, ko ki tura musu saƙo a take, layin na aiki dare da rana a duk faɗin Amurka kuma kyauta ne.