Muryar WhatsApp: amsa ga Yaya kan otal a Siyam Rip

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yaya, na ji saƙonka tun jiya, rubutu ba zai ɗauka ba shi ya sa na ce bari in yi murya. Ka ce in kun gama da Bankok kuna so ku leƙa Kambodiya kai da Anti, kana tambaya ko kuɗin babban otal ɗin nan a Siyam Rip ya cancanta ko asara ce.

To gaskiya ya cancanta, amma ba don abin da kake zato ba. Ka cire ranka da cewa za ka yaye labule ka ga Ankor Wat, tsohon haikalin da ake zuwa gani, ta taga. Manyan otal ɗin suna gari ne, haikalin kuma yana arewa da gari, kamar kilomita 6. Waɗancan hotunan da suke sawa a intanet, hoton haikali daban, hoton ɗaki daban.

Abin da kake saya da kuɗinka shi ne tsakar rana. Ka gane? Ƙarfe huɗu da rabi na dare za a tashe ku, don ana buɗe Ankor Wat ƙarfe 5. Shi ginin yamma yake kallo, saboda haka rana ta bayansa take ɓullowa, kowa kuma wannan yake gudun ya gani. Ku yi alwala tun a ɗaki, ku riƙe ƙaramar darduma, asuba a hanya za ta same ku. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya wallahi ka jiƙe sharkaf. Zafinsu ba irin na Kano ba ne mai bushewa, shi mai danshi ne, riga ta manne maka a baya. A nan ne babban otal yake biyan kansa. Kana sauka daga mota su miƙo maka ɗan tawul mai sanyi da ƙamshin ciyawar lemun tsami, ka shige ɗaki AC na aiki, ka yi azahar ka miƙe ƙafa sai la'asar. Wanda ya kama ɗakin araha mai fanka, yawon yamma ba ya iya fita, ya riga ya mutu murus.

Akwai tsohon nan Raffles Grand Hotel d'Angkor, tun 1932 aka buɗe shi zamanin Faransawa, har yanzu tsohon lif ɗinsa na katako da ƙarfe yana nan. Akwai Amansara, da can masaukin baƙin Sarki Sihanuk na Kambodiya ne, wannan kam sai dai mu gaishe shi daga nesa, kuɗinsa ba namu ba ne. Ni wanda na sauka bai kai su ba, amma ya wadatar.

Yauwa, tikitin shiga wurin haikalan daban yake da kuɗin otal. Na kwana ɗaya dala 37, na kwana uku dala 62, na mako dala 72. Ku yanki na uku. Kwana ɗaya zalunci ne, don ba gini ɗaya ba ne, birni ne guda a cikin daji. Shi Ankor Wat Sarki Suryawarman na biyu ya gina shi a ƙarni na 12, da farko na Hindu ne kafin ya koma na mabiya Buda, shi ne ma a jikin tutarsu. Amma ni haikalin Bayon ya fi tsaya min a rai. Fuskoki ne manya aka sassaƙa a dutse, duk inda ka juya ɗaya na kallonka da wani ɗan murmushi, har ka tsargu. Sai haikalin Ta Prom, inda saiwar bishiya ta sauko ta rungume katanga, kaurinta ya fi jikin mutum. Ku je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Mu dai kallo ya kai mu ba ibada ba, kuma ko shiga ma dokarsu sai an rufe kafaɗa da gwiwa, Anti da hijabinta ba ta da matsala. Matakalar hawa can saman Ankor Wat ce dai a tsaye take cak, in gwiwarta na damunta ta haƙura.

Maganar abinci, ka kula. Suna cin alade sosai, har a kalaci na otal yana jere da sauran abinci, ka riƙa tambaya. Ku tsaya kan kifi, akwai amok, kifi ne da madarar kwakwa a ganyen ayaba. In kuna son nama, akwai musulmi 'yan ƙabilar Cham a garin da masallacinsu, gidajen abincin halal na kewaye da shi. Ka ce wa mai tuk-tuk, kamar Keke Napep ɗinmu take, ya kai ka.

Filin jirgin sabo ne, 2023 aka buɗe, kuma da nisa, wajen awa guda zuwa gari, don haka ka tabbatar ɗauko ku yana cikin kuɗin ɗaki. Dala suke karɓa tare da riyel ɗinsu, amma in dalar ta yage ko kaɗan sai su mayar maka, ka nemi sabbi ƙar wurin 'yan canji. In da hali ku sa tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Afrilu kada ma ku fara. Ka gaishe min da Anti da yara, in ka samo farashin turo min in duba kafin ka biya.