Tambaya da Amsa: Zan iya cire jak ɗin tsohon amfilifayan bes in sa Speakon?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, sannu da ƙoƙari. Ni makaɗin gitar bes ne a Kaduna, muna zuwa biki da taro. Ina da wani tsohon amfilifaya ɗan gwanjo mai wat 300, na tiransista ne, bayansa ramin jak biyu ne na sifika. Toh yanzu ramin ya yi sako-sako, ana cikin kiɗa sai sauti ya ɗauke sai na je na taɓa wayar, wani lokaci ma kan jak ɗin har zafi yake yi. Kuma sabon akwatin sifikar da na saya ramin Speakon kawai gare shi, wato irin mahaɗar wayar nan da ake murɗawa ta kulle. Shin zan iya cire jak ɗin in sa Speakon, kuma zai ƙara ƙarfin sauti? Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. E za ka iya, kuma ni ina goyon bayan a yi, amma bari in fara da ta ƙarshen: ba zai ƙara maka wat ko ɗaya ba. Abin da za ka samu shi ne sautin zai daina ɗaukewa kuma amfilifayan zai tsira daga ƙonewa, wannan kuwa ya fi ƙarin ƙara muhimmanci.

Wancan jak ɗin mai kaurin milimita 6.35 asalinsa tun ƙarni na 19 ne, na ma'aikatan haɗa layin tarho, ba a yi shi don ɗaukar wuta mai yawa ba. Kai kuma wat 300 a kan sifika mai om 4 kusan amfiya 9 ke nan ke bi ta wurin, duk ta ɗan bakin ƙarfen nan da ke taɓa kan jak ɗin, wanda faɗinsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da ƙarfen ya saki ko ƙurar hunturu da tsatsa suka hau shi sai wurin ya fara zafi, zafin da kake ji ke nan. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne lokacin sakawa da cirewa kan jak ɗin yana iya haɗe waya biyun na ɗan lokaci, in amfilifayan na kunne kuma ana kiɗa, tiransistocin fitarwa na iya tafiya nan take, tsofaffin nan kuma ba duka ke da kariya mai kyau ba. Speakon kuwa kamfanin Neutrik na ƙasar Liechtenstein ne ya ƙirƙiro shi musamman don sifika, ana murɗa shi ya kulle, ƙarafunansa a ɓoye suke hannu ba ya taɓa su, kuma yana ɗaukar amfiya 30.

Amma fa kar a ɗauko diril tukuna. A buɗe a duba me jak ɗin yake yi a ciki, don a nan mutane suke ɓata kayansu wallahi. In ka ga waya biyu ne kawai, ɗaya a kan ƙafar da ke taɓa kan jak ɗaya a jikinsa, aikin mai sauƙi ne, ta kan ta tafi ƙafar Speakon da aka rubuta wa 1+, ta jikin ta tafi wadda aka rubuta wa 1-. In ka ga ƙafa ta uku da waya a jiki toh jak ɗin makunni ne kuma, a wasu amfilifayan da ke haɗe da sifikarsu shi ke kashe sifikar ciki in an jona ta waje, Speakon na yau da kullum ba ya yin wannan aikin. Sannan a duba notin jak ɗin. A wasu injinan babu wayar nagatif ko kaɗan, notin ƙarfen da ya matse jikin akwatin shi ne hanyar dawowar wutar, shi kuma Speakon jikinsa roba ne, don haka dole a jawo waya mai kauri daga 1- zuwa inda ya dace. A wasu kuma akasin haka ne, za ka ga wosha ta roba ta raba jak ɗin da jikin akwatin da gangan, musamman masu aiki a tsarin birij, wato haɗa ɓangarorin amfilifaya biyu su tura sifika ɗaya, inda wayoyin biyu duka wuta gare su. Irin wannan in wani ya ce bari ya haɗa 1- da jikin ƙarfe don ya gyara, ƙona shi zai yi.

Masu karatu da ke da amfilifaya na bawul, wato mai ƙwayayen gilashi a maimakon tiransista, irin su Ampeg SVT da ya fito a 1969, ku naku ya fi tsanani. Ba a kunna shi a yi kiɗa babu sifika a jone don tiransifomar fitarwa na iya lalacewa, kuma jak ɗin wasunsu yana da aikin kariya ko zaɓen om. Ga wuta sama da bolt 500 a ciki. Ni irin waɗannan ba na so a huda su sam, tsohon abu mai daraja in ka fasa masa rami ka rage masa kuɗi.

Shawarata gare ka ita ce kar ka cire duka biyun. Ka bar jak ɗaya, a sa sabo mai kyau a wurinsa, ɗayan a faɗaɗa a sa Speakon mai ƙafa huɗu wato NL4, saboda ramin NL4 yana karɓar filogin NL2, mai ƙafa biyu, da na NL4 duka, ramin NL2 kuwa ba ya karɓar mai huɗu. Ranar da ka je wajen biki aka ba ka aron sifika mai jak za ka gode wa Allah da ka bar ɗaya. Akwai ma wanda Neutrik ke yi mai karɓar Speakon da jak a rami guda, in ka samu na asali ya yi. Na jabu sun cika kasuwa, robarsu ba ta da ƙwari kuma makullin ba ya kamawa sosai, ka gwada murɗawa a shagon kafin ka biya.

Ramin da Speakon ke buƙata milimita 24 ne da ƙananan ramukan sukuru biyu, na jak kuwa wajen milimita 10 ne, ka ga ke nan sai an tabbatar akwai fili a baya, babu tiransifoma ko allon kayan wuta a kusa. In jak ɗin a kan allon aka yi masa soda kai tsaye, gara a buɗe sabon rami a gefe a jawo waya. A cire filogi daga bango, a sauke wutar manyan kafasitocin a auna da mita don suna riƙe wuta bayan an kashe, kuma a rufe cikin da leda lokacin hudawa saboda garin ƙarfe ɗaya in ya faɗa kan allon ya isa ya jawo asara. In ba ka saba ba kai wa mai gyaran rediyo da ya san kayan sauti, ka tsaya a kansa ka nuna masa waɗannan abubuwan.

Kuma canza rami ba ya canza lissafin om. Ramukan biyu a haɗe suke, sifika biyu masu om 8 sun zama 4, biyu masu om 4 sun zama 2, ka karanta adadin om da aka rubuta a bayan injin, kada ka sauka ƙasa da shi. Wayar ma ta zama ta sifika mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ko 2.5, ban da wayar gita don Allah, siririya ce zafi za ta yi. Kafin ka jona, zare wayar daga amfilifayan ka taɓa batir mai bolt 9 a kanta na ɗan lokaci, fositif a 1+, in takardar sifikar ta turo waje an haɗa daidai.

In kuɗi bai kama ba yanzu, a sauya maka jak ɗin da ya saki, a haɗa maka waya mai jak a gefe ɗaya Speakon a ɗayan, za ta yi maka aiki da sabon akwatin, sai dai ka riƙa kashe injin kafin ka saka ko ka cire.