Usman a gida, Ousmanou a takarda

Yaya Malam, ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan Garwa, a nan Kamaru, muke rubuta sunayenmu a karkace, kuma ko muna da abu irin NIN ɗinku, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya. Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya.

A nan, abin da sakataren meri, wato ofishin magajin gari, ya rubuta a takardar haihuwarka shi ne sunanka a wurin hukuma har ka koma ga Allah. Da kunnen Faransanci yake ji, bakinsa kuma galibi Fulatanci ne, sai Usman ya fito Ousmanou, Abubakar ya fito Aboubakar ko Bouba, A'isha ta zama Aïssatou. Fom ɗin gida biyu ne da shi, na sunan iyali da na sunan yanka. Mu kuwa ina muka ga sunan iyali? Wannan ma'aikaci ya sa sunan uba a gaba, wancan ya sa shi a baya. Dattawanmu da yawa takardarsu cewa ta yi an haife su "wajajen" shekara kaza. Kwamfuta ba ta san wajajen ba, rana da wata take so, shi ya sa za ka ga tsofaffi rututu duk haihuwar 1 ga Janairu.

Kowace ma'aikata da nata rumbun bayanan. Katin ɗan ƙasa da fasfo suna hannun 'yan sanda, DGSN. Katin zaɓe na ELECAM ne. Lambar haraji, NIU, daga ofishin haraji take fitowa. BUNEC ke sa ido kan rajistar haihuwa da aure da mutuwa, amma a garuruwa da dama asalin rajistar babban littafi ne da aka rubuta da hannu, yana jingine a kanta. Tun da rumbunan ba su saba magana da juna ba, mutum ne ke kai saƙo da ƙafarsa: ya yi kwafi, ya sayi tambur ya manna, a buga hatimi, ya wuce ofishi na gaba.

Wannan ya koya mana wasu ɗabi'u da za su ba ka dariya. A unguwarmu, kafin naman suna ya ƙare, uban jariri ya rubuta sunan a 'yar takarda da manyan baƙaƙe, ya tafi meri da katinsa a hannu don a kwafi sunansa yadda yake, kada a ƙara masa H ko a cire. Ba ya barin wurin sai ya bi rubutun harafi-harafi da yatsa. Dokar 2011 ta ba da kwana 90 a kai rahoton haihuwa, wanda ya yi sakaci ƙarshenta sai kotu, kuma yara nawa ne suka kai ajin ƙarshe na firamare jarrabawar CEP ta gagare su saboda babu takarda. Asalin takardar kuwa tana ƙasan akwatin Hajiya cikin leda, kwafinta ne ke yawo.

Ku kun riga mu. NIN lamba 11 ce, tun Disamban 2020 aka ce a haɗa ta da layin waya, JAMB ma ta bi sahu. Amma ai kun ga yadda ake yi idan sunan BVN ya saɓa da na NIN. Mu ma can muka dosa. Tun 2021 a intanet ake fara neman fasfo, kuma dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2024 ta tanadi rajistar kwamfuta da lamba ɗaya ga kowane mutum.

Kuɗi ne suka fara samun hanya. Ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arziƙin Afirka ta Tsakiya, sefa ɗaya suke kashewa, babban bankinsu BEAC ya ɗora wa kowa ƙa'ida ɗaya, kuma tun 2020 tsarin GIMAC yana ba ka damar tura kuɗi daga Orange Money zuwa MTN, ko zuwa Chadi. Lamba ba ta da kunnen Faransanci. A ganina, jan waya tsakanin ofisoshi shi ne mai sauƙin. Aikin yana wurin zama a yarda: wane suna ne zai fara, yaya za a rubuta Garwa da Marwa, me za a yi da ɗ da ƙ, wa ke da ikon gyara kuskure, kuma nawa talaka zai biya. In aka haɗa rumbunan kafin a daidaita wannan, dattijon da ya rage shekaru don neman aiki, ko wanda aka sake masa takarda bayan gobara, na'ura za ta ce mutum biyu ne, katinsa ya maƙale.

Ga kuma masu ƙafa biyu, irin 'yan'uwanmu na wajen Mubi. Mutum ɗaya, Usman Abubakar ne a Najeriya, Ousmanou Bouba a Kamaru. Ku kuna ECOWAS, mu muna CEMAC. Don haka in za ka turo wa yaron nan takardar neman makaranta a Kano, ka jira in aiko maka hoton katinsa tukuna, ka kwafe shi yadda yake.