Raguwar zazzaɓi a rajista: ta gaske ce?

Malama, kin ce masu zazzaɓin cizon sauro sun ragu a rajistar asibitinku na Marwa, kina kuma tambaya ko maganin rigakafin damina na yara ne ya yi aiki. Fara kwatanta Satumba da Satumbar bara, domin da rani sauro kan ja baya da kansa. Sannan a lissafa ma'aunin ƙididdiga da ake kira p: da a ce babu canji na gaske, sau nawa irin wannan bambancin zai fito haka kawai? In ya gaza 0.05, wato 5 cikin 100, ana ɗaukar raguwar da muhimmanci. In raguwar daga yara 12 zuwa 9 ce kam, adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci. Don Allah ki duba ko kayan gwajin jini sun yanke a watan, domin wanda ba a gwada ba, ba ya shiga rajista.