Shafukan dillalan tsoffin sulalla: me sabon shiga zai duba?

Malam, ka tambaya ko shafukan dillalan tsoffin sulalla za su amfane ka tunda yanzu ka fara tarawa. Za su amfane ka ƙwarai, in dai ka fara shiga don kallo da koyo, kuɗinka na aljihu.

Dillalin kirki yakan sa hoton gaba da bayan kowane sule, da shekararsa, nauyinsa, irin ƙarfensa, da matakin lafiyarsa. Farashi kan dogara ne a kan wannan matakin. A Amurka ana auna matakin da ma'aunin Sheldon, daga 1 zuwa 70, kuma kamfanoni irin su PCGS da NGC kan tantance sule su rufe shi cikin roba mai lamba. Kwafi lambar ka duba ta a shafin kamfanin da kanka, don har robar ana yin jabunta.

Shekara kaɗai kada ta ruɗe ka. Azurfar Maria Theresa, sulen ƙasar Austria mai hoton sarauniyar, wadda ta yi yawo a kasuwanninmu a da, an ci gaba da buga ta da 1780 a jiki shekaru aru-aru bayan nan. Mai gaskiya zai rubuta maka cewa sabon bugu ce.

Ni dai ina ganin ka fara da namu: anini da kobo masu huji na zamanin Turawa. Yawancinsu ba su da tsada. Gwada farashin dillalai biyu ko uku, ka leƙa Numista, kundin sulallan duniya a intanet, ka kuma tabbatar dillalan suna karɓar kaya in an mayar. Kuma don Allah kada ka goge sule don ya yi ƙyalli, darajarsa zubewa take yi.